Florida bayan 2018: ƙuri'a ta dawo a takarda, bindiga kuma ƙofarta daban

Ranar 6 ga Nuwamba 2018 masu zaɓe a jihar Florida ta Amurka suka amince da wani gyara a kundin tsarin mulkin jiharsu, wanda aka fi sani da Gyara na Huɗu. Ƙa'ida ita ce sai gyara ya samu kashi 60 cikin 100 kafin ya wuce. Wannan ya samu kusan kashi 65, ƙuri'u sama da miliyan biyar, daga magoya bayan manyan jam'iyyun ƙasar biyu. Abin da ya ƙunsa gajere ne: duk wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi, in ya kammala dukkan sharuɗɗan hukuncinsa, har da ɗaurin talala, 'yancinsa na jefa ƙuri'a ya dawo kai tsaye. Mutum iri biyu kawai aka ware, masu laifin kisan kai da masu manyan laifukan lalata. An ƙiyasta mutum miliyan 1.4 ne za su amfana, a jihar da ƙuri'a 537 kacal suka raba gardamar zaɓen shugaban ƙasa a 2000.

A 2024, shekara shida bayan haka, ƙungiyar Sentencing Project, mai bincike kan hukunci da gidajen yari a Amurka, ta ƙiyasta cewa har yanzu sama da mutum 960,000 ne ba su da ikon zaɓe a Florida saboda tsohon laifi, kuma mafi yawansu sun daɗe da barin kurkuku.

Yadda ake yi kafin gyaran

A dokar Amurka, babban laifi shi ne wanda hukuncinsa zai iya wuce shekara guda a gidan yari. Kada sunan ya ruɗi mai karatu. A Florida, mallakar tabar wiwi da ta haura giram 20 babban laifi ne. Har zuwa 2019 satar abin da ya kai dala 300 ma babban laifi ne, kafin a ɗaga adadin zuwa 750. Mutum zai iya samun wannan tambari ba tare da ya kwana ko ɗaya a kurkukun jiha ba, amma ƙuri'arsa ta tafi har abada. Haramcin tsoho ne, yana cikin kundin jihar na 1868, aka sake ɗauko shi a na 1968, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wa jihohi yin haka a shari'ar Richardson da Ramirez a 1974.

Hanya ɗaya ce ta dawo da 'yancin: kwamitin afuwa, wato gwamna da antoni janar da babban jami'in kuɗi da kwamishinan aikin gona. Sai gwamna ya yarda, biyu daga cikin ukun su mara masa baya. Saboda haka komai ya danganta ga wanda ke kan kujera. Gwamna Charlie Crist ya sassauta ƙa'idoji a 2007, aka dawo wa mutum kimanin 155,000 'yancinsu cikin shekara huɗu. Rick Scott ya hau a 2011, shi da antoni janar Pam Bondi suka sa sharaɗin jiran shekara biyar ko bakwai kafin ma mutum ya miƙa takardar roƙo. Cikin shekara takwas ɗinsa kimanin mutum 3,000 ne suka samu. Kwamitin na zama sau huɗu a shekara, takardun da ke jira sun haura 10,000. A wurin zaman akan tambayi mai roƙo ko yana shan giya, ko yana zuwa coci, ko an taɓa cin tararsa kan gudun wuce kima a mota. A Fabrairun 2018 alƙalin tarayya Mark Walker ya yanke cewa tsarin ya saɓa wa kundin ƙasa saboda babu wani ma'auni sai son ran gwamna, amma kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da hukuncin.

Wanda ya jagoranci neman gyaran shi ne Desmond Meade, shugaban ƙungiyar Florida Rights Restoration Coalition. Tsohon fursuna ne da ya gama karatun lauya a 2014, kuma a 2016 matarsa ta tsaya takarar majalisar jiha bai samu ikon jefa mata ƙuri'a ba. Sun tara sa hannun masu zaɓe fiye da 766,200 da doka ta buƙata, gyaran ya shiga takardar zaɓe, ya fara aiki ranar 8 ga Janairu 2019.

Kalmar da ta jawo rigima

Duk abin da ya biyo baya ya rataya ne a kan "dukkan sharuɗɗan hukunci". Galibin masu zaɓe sun fahimci zaman gidan yari da ɗaurin talala ake nufi. Majalisar dokokin jihar ta ce a'a, har da kuɗi. Ta yi dokar SB 7066, Gwamna Ron DeSantis ya sa mata hannu ranar 28 ga Yuni 2019, ta ce hukunci bai ƙare ba sai an biya tara da kuɗin kotu da diyyar wanda aka cuta, duk abin da alƙali ya rubuta a takardar hukunci.

Gaskiya majalisar ba daga sama ta tsinto wannan fassara ba. A 2017, lokacin da Kotun Ƙolin Florida ke duba rubutun gyaran, an tambayi lauyan masu nema ko tara da diyya suna ciki, ya ce suna ciki. Baki shi kan yanka wuya. A Janairun 2020 kotun ta tabbatar da fassarar majalisa.

Sai a duba yadda bashin yake taruwa. Tun bayan wani gyara na 1998, ofisoshin magatakardan kotu a Florida suna dogara ne sosai da kuɗin da suke karɓa daga waɗanda aka gurfanar. Duk wanda aka samu da babban laifi akwai dala 225 a kansa, ko mene ne laifin. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi na gwamnati, sai ya biya dala 50 kuɗin neman, wato ana cajin matalauci don ya nuna shi matalauci ne. Akwai kuɗin gabatar da ƙara, akwai na asusun diyya, akwai ƙananan caji da suka bambanta daga gunduma zuwa gunduma. Kafin a zo kan tara an riga an tara ɗaruruwan daloli. Tarar kuwa a laifin fataucin ƙwaya ba ta da sassauci: hodar iblis daga giram 28 zuwa ƙasa da 200 tararta dala 50,000 ce, daga 200 zuwa ƙasa da 400 dala 100,000, daga 400 zuwa sama dala 250,000. Ɗan aike da aka kama da ƙunshi guda, ya yi shekarunsa ya fito yana wanke kwanuka a gidan abinci, ba zai biya wannan ba ko zai yi rai biyu. Farfesa Daniel Smith na Jami'ar Florida, wanda ya ba da shaida a kotu, ya ƙirga sama da mutum 774,000 da suka gama zamansu amma ana bin su wani abu.

Dokar ta bar hanya uku. Ko mutum ya biya duka, ko kotu ta yafe da yardar wanda za a biya kuɗin, ko alƙali ya mayar da bashin sa'o'in aikin gayya ga al'umma. Akwai wata tsohuwar al'ada ta kotunan jihar, in alƙali ya ga mutum ba zai iya biya ba sai ya mayar da kuɗin bashin farar hula, ya rufe shari'ar laifin. SB 7066 ta ce wannan ba ya cikin biya. Dubban mutane da ke ganin shari'arsu ta rufu shekaru da yawa suka wayi gari a matsayin waɗanda ba su gama hukunci ba.

Nawa ake bi na?

Nan ne lamarin ya fi muni, ya ma fi tsadar kuɗin kanta. Florida na da gunduma 67, kowace da magatakardanta da nata tsarin ajiye bayanai, kuma babu rumbu guda da ke nuna abin da ake bin kowa. Wanda ya yi shari'a uku a gunduma uku sai ya bi ofis uku. Takardun shekarun 1970 da 1980 wasu sun ɓace, wasu ba a taɓa shigar da su kwamfuta ba. Diyya sau da yawa hannu da hannu ake biyan wanda aka cuta, ko ta ofishin masu kula da ɗaurin talala, babu rasit a wurin magatakarda. Takardar hukunci guda kan haɗa babban laifi da ƙarami ta rubuta jimla ɗaya, alhali kuɗin babban laifin kaɗai ke hana zaɓe, kuma babu mai raba maka su.

Sai batun 'yan karɓar bashi. In mutum ya yi jinkiri, magatakarda kan miƙa bashin ga kamfani mai zaman kansa, wanda doka ta yarda ya ɗora har kashi 40 cikin 100. A ce alƙali ya rubuta dala 1,000. Mutumin ya biya 1,000 ta hannun kamfanin, kamfanin ya cire nasa kason, littafin kotu ya nuna saura. Ya gama ko bai gama ba? SB 7066 ta ce abin da ya hau bayan ranar hukunci, kamar ruwa da kuɗin karɓa, ba ya cikin lissafi. Da farko jami'an jiha suna duba ragowar da ke littafi ne. Ana dab da fara shari'a a 2020 suka canja, suka ce kowace dala da mutum ya biya, ko ina ta tafi, za a cire ta daga ainihin adadin. Wannan ya fi sauƙi ga mai bashi, amma allon magatakarda bai canja ba, yana nan yana nuna tsohon lissafi. Mutum zai iya cancantar zaɓe alhali kwamfutar kotu na cewa ana bin sa, ko akasin haka.

Alƙalin tarayya Robert Hinkle ya saurari ƙarar kwana takwas ta bidiyo, lokacin annobar korona, ya yanke hukunci ranar 24 ga Mayu 2020. Ya ce hana wanda da gaske ba shi da halin biya ya saɓa wa kundin ƙasa. Ya kuma raba kuɗin kashi biyu: tara da diyya hukunci ne, amma kuɗin kotu haraji ne da aka canja wa suna, kuma Gyara na 24 na kundin Amurka, na 1964, ya hana ɗaura zaɓen tarayya a kan biyan haraji. Wani abu da ya fito a shari'ar shi ne sashen zaɓe na jihar na da rajista 85,000 da ke jiran tantancewa, yana iya duba 57 a rana, wanda zai kai shi 2026. Maganin da Hinkle ya kawo mai sauƙi ne: mutum ya cike fom ya tambayi jiha nawa ake bin sa, in kwana 21 suka wuce ba amsa, ya je ya yi zaɓensa.

Bai yi aiki ba. Ranar 11 ga Satumba 2020, saura ƙasa da wata biyu zaɓen shugaban ƙasa, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 11 ta soke hukuncin, alƙalai shida suka rinjayi huɗu. Masu rinjaye suka ce duk kuɗin ɓangare ne na horo, ba haraji ba, kuma ba dole ba ne jiha ta binciko wa mutum bashinsa. Biyu daga cikin shidan, Barbara Lagoa da Robert Luck, suna Kotun Ƙolin Florida lokacin da aka saurari muhawara kan wannan magana a 2019, aka nemi su janye suka ƙi.

Abin da ya rage shi ne karo-karo. Ƙungiyar Meade ta buɗe asusun biya wa mutane, attajiri Michael Bloomberg ya taimaka aka tara fiye da dala miliyan 16. An fi biya wa masu ƙaramin bashi, don kuɗin ya kai ga mutane da yawa. Ya taimaki dubbai, amma ko kusa bai taɓa 774,000 ba.

Kamen Agusta 2022

A 2022 majalisar jihar ta kafa ofishi na musamman kan laifukan zaɓe. Ranar 18 ga Agusta DeSantis ya ba da sanarwar tuhumar mutum 20 da yin zaɓe ba bisa ƙa'ida ba a 2020. Dukkansu tsohon laifinsu kisa ne ko lalata, wato Gyara na Huɗu bai taɓa shafar su ba. A wannan ɓangare babu gardama, ba su cancanta ba. Amma sun cike fom, sashen zaɓe na jiha da doka ta ɗora wa tantancewa bai tsayar da su ba, aka aika musu katin zaɓe ta gidan waya. Hotunan kyamarar jikin 'yan sanda da jaridar Tampa Bay Times ta fitar a watan Oktoba sun nuna mutane a ƙofar gidajensu cikin ruɗani suna tambayar laifin me suka yi, wasu 'yan sandan ma suna magana kamar masu ba da haƙuri.

Laifin na iya jawo ɗaurin shekara biyar da tarar dala 5,000, amma sai an nuna da gangan mutum ya yi, yana sane bai cancanta ba. Da wuya a tabbatar da haka a kan wanda hukuma ta ba kati da hannunta. Alƙalai sun kori wasu ƙararrakin saboda mai gabatar da ƙara na jiha ba shi da hurumi sai laifin ya ratsa shiyyar shari'a fiye da ɗaya. A Fabrairun 2023 majalisa ta faɗaɗa masa hurumin. Wasu suka amsa laifi don a sallame su ba ɗauri. Illar ta fi yawa a kan waɗanda ba a kama ba: wanda ya cancanta amma yana shakka, ganin ankwa a talabijin ya ishe shi ya haƙura da zaɓe.

Gyaran da majalisa ta yi a 2023 shi ne a rubuta a jikin katin cewa shaidar rajista ce kawai, ba tabbacin cancanta ba. Wato hukuma ta wanke hannunta a rubuce. Sai a 2024, bayan ƙungiyar Meade ta kai ƙara, jihar ta fito da fom na musamman na neman fatawar sashen zaɓe, da alkawarin amsa cikin kwana 90. Kusan abin da Hinkle ya umarta ne shekara huɗu kafin nan, sai dai wa'adin ya ninka fiye da huɗu.

Don haka wanda ke son ya yi rajista ba tare da ya jefa kansa a rami ba, ga yadda lauyoyin sa kai ke bi da shi. A fara da sunan laifin da lambar sashen dokar da aka hukunta shi a kai, domin jerin laifukan lalata da dokar ta ware ya fi faɗin abin da mutane ke zato. A duba ko alƙali ya tabbatar da laifin a hukumance ko ya jingine tabbatarwar, domin a Florida wanda aka jingine wa bai rasa ƙuri'arsa ba tun farko. A karɓo kwafin takardar hukunci mai hatimi daga kowace gunduma, da takardar kammala ɗaurin talala, da tarihin biyan kuɗi. In lissafin bai fito fili ba, a nemi fatawar a rubuce a ajiye amsar. Wanda aka hukunta a wata jiha kuwa, dokar can ake bi. Wannan ne ya sa Donald Trump, da kotun New York ta samu da laifuka 34 a Mayun 2024, ya yi zaɓe a Florida a Nuwamba ba tare da matsala ba: dokar New York ta 2021 wanda ke tsare a kurkuku kaɗai take hanawa.

Bindiga

Gyara na Huɗu bai ce komai kan bindiga ba, kuma nan ne kuskure ya fi tsada. Mutum ya ga katin zaɓe a hannunsa, ya ji ana cewa "an dawo da 'yancinka", sai ya ɗauka har da na farauta. Ba haka ba ne. Ko sassaucin da kwamitin afuwa ya yi a Maris 2021, wanda ya soke jiran shekara biyar ya dawo wa waɗanda suka biya komai damar zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci da riƙe muƙami, ya ware bindiga a fili.

Izinin bindiga takarda ce daban daga wannan kwamiti. Sai shekara takwas sun cika bayan kammala hukunci da duk wani sa ido, babu ragowar diyya, kuma bashin tara na laifi ko na hanya bai haura dala 1,000 ba. Bayan nan a yi bincike, a jira, gwamna ya ga dama. Cikakkiyar afuwa kuwa shekara goma ake jira. Kwamitin ba ya karɓar roƙon bindiga daga wanda kotun tarayya ko ta wata jiha ta hukunta.

Haramcin hawa biyu ne. A dokar Florida, tsohon mai babban laifi da aka kama da bindiga na fuskantar har shekara 15, in kuma a jikinsa aka same ta akwai shekara uku da alƙali ba zai iya ragewa ba. A dokar tarayya ta 1968 ma laifi ne, kuma a 2022 an ɗaga iyakar ɗaurin daga shekara 10 zuwa 15. Harsashi ɗaya ya isa, ko babu bindiga. Ba kuma sai a hannu ba: bindigar matar gida a cikin durowar ɗakin kwana, ko ta ɗan'uwa a aljihun motar da mutum ke tuƙawa, in ya san tana wurin kuma zai iya kai hannu, kotu na iya ɗaukar ta a matsayin tasa. Iyalan da suka san haka sukan sa ta a akwatin ƙarfe mai makulli wanda shi ba ya da mabuɗinsa ko lambarsa.

Dokar tarayya na girmama afuwar jiha, amma da sharaɗi. A shari'ar Caron ta 1998 Kotun Ƙolin Amurka ta ce in jiha ta ba mutum izinin doguwar bindiga ta taƙaita masa ƙarama, to haramcin tarayya na nan a kan dukkansu. A shari'ar Beecham ta 1994 ta ce jiha ba ta iya goge haramcin wanda kotun tarayya ta hukunta. Shi wannan, doka ta tanadar masa hanyar roƙo a hukumar ATF, mai kula da dokokin bindiga ta tarayya, amma daga 1992 majalisar ƙasa ta hana hukumar kashe ko sisi wajen duba takardun, hanyar ta toshe sama da shekara talatin, sai dai afuwar shugaban ƙasa.

Kotuna ma ba su zama baki ɗaya ba tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Bruen ta 2022, wanda ya ce dole dokar bindiga ta yi daidai da al'adar dokokin ƙasar ta tarihi. Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta uku ta ce ba za a hana wani mutumin Pennsylvania bindiga har abada ba saboda ƙaryar da ya yi a 1995 a takardar neman tallafin abinci. Shiyya ta 11, wadda Florida ke ƙarƙashinta, ta ci gaba da tabbatar da haramcin a kan kowane mai babban laifi. Laifi iri ɗaya, sakamako ya danganta da jihar da mutum ke zaune. Jihar Tennessee kuma ta ɗaure abubuwan biyu wuri guda a Janairun 2024, lokacin da jami'an zaɓenta suka ce mai neman ƙuri'arsa sai an dawo masa da 'yancin bindiga tukuna.

A Maris 2025 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta karɓe ikon duba roƙon daga hannun ATF ta mayar ofishin antoni janar na ƙasa, don kauce wa takunkumin kuɗin. Rukunin farko da aka dawo wa da 'yancin bindiga mutum goma ne, cikinsu har da ɗan wasan fim Mel Gibson. Antoni janar ɗin da ta sa hannu ita ce Pam Bondi, wadda a 2011 ta tsaya kai da fata sai tsofaffin fursunonin Florida sun jira shekara biyar kafin su roƙi ƙuri'arsu. Izinin nata na tarayya ne kawai, ba ya ɗage haramcin da dokar jiha ta sa.